Hoton Huda a Rusairis

Ranar da Bilyamin ya fara ganin Huda, a kwance yake rub da ciki a bakin tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakinmu, ya saita wayarsa kan wasu balbelu. Lokacin tsinkar auduga ne. Ni da jikata Huda muna fitowa daga hawasha, wato gonarmu ta ban ruwa, kowa da buhunta. Huda ta bi ta gabansa, balbelun suka tashi fir.

"Ya Allah! Rabin awa ina jiran su jeru," ya ce.

"To ka buga musu waya su dawo mana," in ji Huda, ta juyo tana dariya.

Yaron ya miƙe, gaban rigarsa duk taɓo. Ya dubi wayar, ya dubi yarinyar, ya sake duban wayar. Ni Talatu ina wurin, da idona na gani. Ku riƙe wannan, domin daga baya an ce maganata ba shaida ba ce.

Sai ya matso kusa da ni ya rusuna, ya kira ni Habboba, yadda ake kiran kaka a garinmu.

"Habboba, a gafarce ni. Hannuna ya danna lokacin da ta gifta, hotonta ya ɗauku. In goge?"

"Ɗan gidan wa ne kai?"

"Malam Sa'id tela. Ni ke kula da injin ban ruwa."

"Injin ne ya ce ka kwanta a taɓo?"

Kafin ya amsa, Huda ta karɓi wayar. Ta daɗe tana kallon kanta. Daga nan ta ja yatsa, wasu hotuna suka biyo: rana tana faɗuwa kan dawa, masunci a kwale-kwale, sai wani makeken ruwa da ba a ganin ƙarshensa.

"Nan ina ne?"

"Rusairis. Bara na je wurin kawuna."

"Ni ban taɓa wuce Suki ba," ta ce a hankali. Ta miƙa masa wayar. "Kada ka goge."

Abin da ya faru ke nan. Ba a daji ba, ba a ɓoye ba, a gaban tsohuwa.

Daga ranar saƙo ya fara tafiya tsakaninsu. Ni ban san baƙi ba, amma Huda a ɗakina take kwana tun rasuwar uwarta, kuma ba ta ɓoye mini komai. Ita ke karanta mini ina kan angareb, gadona na igiya, ina shan gahawar jabana.

"Balbelata, yau na ɗauki gajimare goma sha ɗaya, babu wanda ya kai ki haske."

"Kai dai Mai Hoto, ka je ka duba injinka kafin gonar mutane ta bushe."

"Injin lafiya lau. Mai injin ne ba lafiya."

"Allah ya sawwaƙe. Me ke damunsa?"

"Wata ce ta kori tsuntsayensa ta zauna a wurinsu."

Na ce da ita wannan yaron bakinsa ya fi aljihunsa nauyi. Amma na lura da shi. Yana sallah a kan lokaci, yana gaida manya, kuma duk asuba sai ya kewaya ya buɗe wa hawashata ruwa ba tare da na roƙa ba. Aibinsa ɗaya, in ya ga hasken yamma ya sauka kan ruwa sai ya manta da sunansa. Ya koyi wasa da hotuna kuma: ya ƙara wa sama shuɗi, ya cire turken lantarki daga tsakiyar gona, ya sa jaki ya yi fukafukai don ya ba mutane dariya.

Da Malam Sa'id ya aiko neman izini, uban Huda ya ɗaure fuska. Ɗan'auta ke nan, autana, gemunsa ya fara furfura amma sunan bai sake shi ba.

"Inna, namijin da ke birgima a ƙasa saboda tsuntsu, shi zan ba ɗiya? Ga Ayman ɗan Alhaji Adam, da shagonsa, da solansa."

"Ta ce ba ta son Ayman."

"Ba zan yi mata dole ba. Amma wancan ma ban amsa ba. A jira."

Ayman shi ke da shagon cajin waya a bakin masallaci. Duk Hillat Sambo, ƙauyenmu, wurinsa ake kai waya da safe a karɓa da yamma. Sau biyu ya tare Huda, sau biyu ta ce masa ya yi haƙuri. Ya yi murmushi ya ce ba komai. Ni ban taɓa yarda da mutumin da aka ƙi ya ce ba komai ba.

Ana gama tsinka zazzaɓi ya kayar da ni. Aka kai ni Suki gidan ƙanwata Mairo don allura, Huda ta bi ni jinya. Kwana huɗu muka yi. Yarinyar nan ko ƙofar gida ba ta leƙa ba. Ita ke juya ni, ita ke wanke ni, ita ke ɗura mini kunu.

Da muka dawo, Bilyamin ya aiko mata da kyauta a waya.

"Balbelata, kin sha wahalar jinya. Tunda ba ki je kogi ba, ga kogin na kawo miki."

Ya ɗauko hotonta na bakin tur'a, ya yanke ta tsaf, ya ɗora ta a gaban ruwan Rusairis. Kwana uku yana gyara gefen mayafinta, in ji shi, har da inuwa ya yi mata a ƙasa. Huda ta yi ta tsalle a ɗaki. Ta nuna mini, amma idona ba ya kama abu ƙarami, dishi-dishi kawai na gani. Na ce madalla.

Bayan kwana biyar, na je gidan suna, mata suka yi tsit da na shiga. Wata ta ce, "Sannu Habboba, ashe 'yan Rusairis an dawo lafiya." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa.

Kafin la'asar na ji sauran. Hoton yana cikin kowace waya a garin, da magana a ƙarƙashinsa: wai kwana huɗun nan da tsohuwa ke kwance ba ta san inda kanta yake ba, yarinya ta hau hafla, motar haya, da ɗan tela suka tafi yawon kogi.

Na tarar da Huda a bayan ɗaki tana rubuta wa Bilyamin saƙo.

"Kai kaɗai ke da hoton nan sai ni. Me na yi maka?"

"Wallahi Huda ban tura wa kowa ba. Na rantse da wanda raina ke hannunsa."

"Ka so a ce ka iya aiki, ko? To an ce. Ka gama da ni."

"Gani nan zuwa wurin Baba yanzu, zan nuna masa na asali."

"Kada ka sake kirana Balbela."

Ya zo ɗin. A bakin tur'a ya tari Ɗan'auta yana dawowa daga gona, mutane suka taru. Yaron ya durƙusa ya ɗaga wayar sama.

"Baba, haɗawa na yi. Hoto biyu ne. Bari in nuna maka."

"Hoto ba ya ƙarya!" in ji Ɗan'auta.

Ayman na gefe. Shi ya fi kowa sanin ana haɗa hoto, amma sai ya ce, "Ya zol, abokina, in haɗi ne ina ɗinkin? Ga inuwarta nan a ƙasa. Inuwa ma haɗa ta ake yi?"

Ɗan'auta ya fizge wayar, bai ko duba ba, ya wurga ta tsakiyar ruwa. Shekara uku na hotunan yaron, da shaidar 'yarsa, duk suka nutse a taɓo lokaci ɗaya. Bilyamin ya faɗa ruwan da rigarsa. Ya yi ta lalube har magariba, bai samu ba.

Da Ɗan'auta ya shigo gida na tare shi a tsakar gida.

"Kwana huɗu yarinyar nan tana gefena. Ni na ce maka."

"Inna, ke zazzaɓi ya rufe miki ido."

"Mairo fa? Ita ma zazzaɓin take yi?"

"Mairo 'yar'uwarki ce, dole ta rufa."

Ɗan da na goya, na tauna na ba shi, ya ɗauki maganar gilashin waya ya ajiye tawa. Ya karɓe wayar Huda, ya ce ranar Asabar za a kai ta Hasahisa gidan wansa, ta zauna can har garin ya manta. Kowa ya san ma'anar wannan. Yarinyar da aka fitar da ita a kan irin wannan magana, ta amsa laifi ke nan, ko ta dawo da furfura sunan na nan yana jiranta.

Ranar Talata ce. Huda ta kwanta ta juya fuska bango, ko ruwa ta ƙi sha.

Na zauna kusa da ita. "Tashi ki gaya mini. Wayar nan, hannun wa da wa ta shiga?"

"Ba kowa, Habboba."

"Wuta fa, daga sama take sha?"

Ta tashi zaune a hankali, idonta ya buɗe. "Shagon Ayman. Ranar Alhamis. Ya ce in cire mata makulli wai zai duba batir." Sai ta rushe da kuka. "Na zagi Bilyamin, Habboba. Na ce masa ya gama da ni."

"Kuka ba ya wanke suna. Yi shiru in yi tunani."

Da safe na ɗauki sandata na tafi ɗakin injin. Na same shi zaune, ya rame a kwana ɗaya.

"Kai, shashasha! Wa ya ce ka ɗauki 'yar mutane ka kai ta garin da ba ta je ba?"

"Na yi kuskure, Habboba. So na yi ta yi farin ciki."

"Ga farin cikin nan ai. Hoton nan, ana iya fitar da shi a takarda?"

"Ana yi a Suki. Sai in karɓa daga wayar wani."

"Je ka fitar mini da shi. Babba, kamar faifai. A'a, kamar tabarmar sallah."

Ya zaro ido. "Habboba, abin kunyar za mu ƙara wa girma?"

"Kowa a garin nan ya ga abin da aka kashe jikata da shi, ban da ni. Sai na gani da idona."

Ya juya zai tafi, ya tsaya. "Tana cin abinci?"

"Ba ta ci. Ta ce in ce maka ta san ba kai ba ne."

Yaron ya dafa bango ya sunkuyar da kai. Na bar shi.

Ranar Alhamis da hantsi ya kawo shi a naɗe. Na shimfiɗa a tsakar gida cikin rana, na danne kusurwoyin da duwatsu, na durƙusa. Ga Huda, kyakkyawa, tana dariya. Na dubi hannunta. Na dubi mayafinta. Na dubi ruwan da ke bayanta, na dubi sama. Sai na ji dariya ta kama ni, irin ta baƙin ciki.

Maza arba'in, duk manoma, duk 'ya'yan manoma. Ba wanda ya gani.

Da aka idar da la'asar na tafi rumfar masallaci. Mace ba ta zuwa wurin, na sani. Na je. Liman na nan, Alhaji Adam na nan, Ɗan'auta na nan, Ayman yana ƙofar shagonsa. Na warware hoton a gabansu.

"Inna, don Allah ki koma gida," in ji Ɗan'auta.

"Rufe mini baki. Alhaji Adam, shekara nawa kana noma?"

"Hamsin da wani abu, Talatu. Mine ne?"

"Mene ne wannan a hannun yarinyar?"

Ya sa tabarau ya sunkuya. "Auduga ce. Sabuwar tsinka. Ga ta nan ma ta manne a mayafinta."

"A wane wata ake tsinkar auduga?"

"Cikin sanyi mana. Yaro ma ya sani."

"To dubi ruwan."

Ya duba. Ruwan ja wur, ya cika ya tumbatsa har gindin itatuwa. Ciyawa kore shar a gaɓa. Sama ta haɗa baƙin hadari.

Na ji wani a baya ya ce, "La ilaha illallahu. Wanga ruwan damina ne."

"Ruwan damina ne!" na ce. "Lokacin da kogi ke wannan ja, audugarku ko fure ba ta yi ba. Lokacin da muka je Suki kuwa, ciyawa ta bushe ƙurmus, rabon sama da hadari wata huɗu. Ku gaya mini, wace hafla ce ke ɗaukar mutum daga sanyi ta sauke shi a damina? Kun ce hoto ba ya ƙarya. To ga shi, shi da bakinsa yana gaya muku biyu ne aka haɗa. Kullum kuna cikin gona, amma da aka ce ga abin kunyar 'yar mutane, ba wanda ya dubi sama. Fuskarta kawai kuka kalla!"

Ɗan'auta ya durƙusa gaban hoton. Ya sa yatsa a kan audugar, ya kai shi kan hadarin, ya dawo da shi.

"Ban gama ba," na ce. "In ruwa ya ɓalle a gona, bin sa ake yi har inda ya fashe. Kai, wa ya turo maka?"

Wanda na tambaya ya nuna na kusa da shi. Wannan ya nuna wancan. Liman da kansa ya karɓi tambayar, yana bi ɗaya bayan ɗaya. Mutum bakwai aka bi, na bakwai ya juya ya dubi shagon caji.

Ayman ya ce, "Ni ma gani na yi a..."

"A wayar da aka ba ka amana," na ce. "Kowa a nan wayarsa na wuni a hannunka. Ku je ku yi tunanin abin da ke cikin naku."

Nan fa wuri ya kaure. Alhaji Adam ya tashi, ya cire takalminsa ya nufi ɗansa, aka rirriƙe shi. Kafin gari ya waye Ayman ya bar garin, aka ce yana Hasahisa. Hanyar da aka shirya wa Huda, shi ya bi ta.

A yammacin da muka bar rumfar, Ɗan'auta ya shigo ɗakina ya zauna a ƙasa.

"Inna, ki yafe mini."

"Ba ni za ka fara roƙa ba."

Ya juya wurin 'yarsa. Ya miƙa mata wayarta, ya ɗora hannu a kanta, hawaye na bin gemunsa. Na bar shi ya yi mai isarsa. Sannan na ce ragon da yake kiwo zai sayar ya saya wa yaron mutane waya, kuma da ƙafarsa zai je gidan Malam Sa'id ya ba da amsa. Ya je.

Saƙon farko da ya shiga sabuwar wayar na Huda ne.

"Mai Hoto, na yi maka mugun zato. Ban san da wane baki zan ba ka haƙuri ba."

"Ni na jawo miki, habibti. Hotunan da suka nutse ba su dame ni ba kamar kwana biyun da ba ki ci abinci ba."

"Shekara uku fa na aikinka."

"Rana ba ta daina faɗuwa ba, zan sake ɗauka. Ke ce ba ni da biyunki. An yarda in kira sunan nan?"

"An yarda."

"Balbelata."

Aka sa rana bayan ƙaramar sallah. Ranar ɗaurin aure rumfa ta cika, an kawo dabino da alewa, Liman ya gyara zama. Sai na aika aka ce masa ya dakata. Na tsaya a bakin rumfar da lallen biki a hannuna.

"Talatu, yau ranar farin ciki ce," in ji Liman. "A bar abin da ya wuce."

"Bai wuce ba, Malam. An ɓata ta a waya ɗari, an wanke ta a gaban mutum arba'in. Sauran fa? Matan da suka yi mini dariya a gidan suna ba su zo rumfa ba. Ba za a shafa fatiha ba sai an faɗa a lasifikar da ake kiran sallah, kowace mace ta ji daga madafarta."

Aka yi ta kallon juna. Bilyamin yana cikin farar jallabiya, gumi na zuba masa, ya ɗago ya ce, "Malam, ni ma zan jira."

Alhaji Adam ne ya tashi. Dattijo ne, ban hana shi wannan ba. Ya karɓi lasifikar ya yi magana, garin duka na ji.

"Jama'a, Huda ɗiyar Ɗan'auta ba ta je ko'ina ba. Ɗana ya ci amana, ya yi mata ƙazafi, mu kuma muka ɗauka. Wanda duk ya tura hoton nan ko ya yi magana a kai, ya nemi gafararta. Ni na fara."

Daga cikin gidaje guɗa ta tashi, ta wannan lungu, ta wancan. Sannan na ce Liman ya ɗaura.

Da aka kai amarya, na riƙe hannunta har ƙofar ɗaki. Bilyamin ya durƙusa a gabana.

"Habboba, da me zan saka miki?"

"Ka riƙe ta da mutunci. Kuma in ka ga dama ka sa wa jakunan duniya fukafukai, amma matarka, inda Allah ya ajiye ta, nan za ka ɗauke ta."

Huda ta yi dariya a cikin mayafi, ta matse hannuna, sannan ta sake shi ta kama nasa.

Mata goma sha ɗaya suka zo neman gafara a satin nan, na ƙirga su. Wadda ta ce mini 'yan Rusairis an dawo lafiya ba ta zo ba har yau. Ta san kanta, ta kuma san ƙofata.

Su kuwa yaran, Allah ya sa albarka a ɗakinsu, ya ba su zuriya mai jin ƙai, ya tsare su daga bakin da ba ya tsoron Allah. Wanda ya ji wannan labari ya ce amin, Allah ya rufa masa nasa asirin.